Jarkar Ruwa a But Ba Gyara Ba Ce

Wannan makon ƙarƙashin bonet za mu leƙa, domin abin da ya same ni ana saura kwana biyar ƙaramar Sallah ba na so ya sami kowa.

Wata biyu cur ina yin abin da yawancinmu ke yi a nan unguwar Briqueterie. Kullum bayan asuba in buɗe tsohuwar Corolla ɗina, in ƙara wa lagireto ruwan famfo, in jefa jarka a but. Uwargida ta ce, "Alhaji, wai ina ruwan nan yake zuwa ne?" Na ce zafin gari ne. Ta ce, "Yawunde muke fa, ba Marwa ba." Na share ta, tunda ban taɓa ganin ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba.

Ranar da asiri ya tonu, na ɗauko shadda da atamfa daga kasuwar Mokolo zan kai wa teloli. Ga cunkoso, ga hawa, kun dai san tuddan garin nan. Sai allurar zafi ta haye ja. Na ce bari in lallaɓa, ai an kusa. Wannan lallaɓawar ce ta kashe ni. Tururi ya turnuƙe, mota ta mutu a tsakiyar titi, masu tasi suna ta yi mini oda.

A gareji bakanike ya haska fitila inda babban tiyon lagireto ya haɗu da inji. Ya ce, "Alhaji, ga ɓarawonka." Wani ɗan ƙoƙon alminiyom ne mai noti biyu, duk ya yi farin gasa-gasa kamar kanwa. Shi ne gidan tamostat, wanda makanikan nan ke kira kalosta.

Tamostat ƙofa ce mai buɗe kanta. Inji na sanyi tana rufe, don ya yi saurin ɗumi. Idan ruwa ya kai wajen digiri 82 a irin motata, kakin da ke cikinta ya narke ya kumbura, sai ya tura ƙofar, ruwa ya wuce lagireto ya huce. Tsakanin gidan da inji akwai robar da ke hana yoyo. Robar tawa ta bushe, ruwan famfo kuma ya cinye bakin alminiyom ɗin. Ruwan yana tsattsafowa ne kawai idan inji ya yi zafi, ya ƙone a jikin ƙarfe kafin ya kai ƙasa. Shi ya sa ban ga ɗigo ba.

Da na je tun farko, kuɗin roba da gidan ba su kai na turmin atamfa mai kyau ba. Amma da na tuƙa da zafi, gasket ɗin kan inji ya ƙone, sai da aka sauke kan aka kai aka goge. Mota ta yi sati a gareji, kayan mutane na kai su a babur, ribar Sallah kuma bakanike ya ci.

Ga abin da na koya da kuɗina. Mota mai lafiya ba ta shan ruwa kullum. In kana ƙari duk sati, akwai inda yake fita. Duba bakin tiyo da gidan tamostat da safe, ka nemi farin busasshen tabo ko kore ko ja, ka kuma lura da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi bayan tafiya.

Kada ka yarda a cire tamostat a jefar, wai "ƙasarmu ba ta da sanyi". Injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya riƙa cinyewa a hankali. A sa sabuwa da sabuwar roba, a kankare wurin tas. Kada a cika shi da gam, kada kuma yaron gareji ya ɗaure noti da dukan ƙarfinsa, domin alminiyom da roba tsagewa suke. Bayan an gama a fitar da iska, a zuba ruwan lagireto na galan mai maganin tsatsa. Ruwan famfo na ranar larura ne kawai.

Saura biyu na iyali. Kada kowa ya buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan a matse yake, ya wuce tafasa, fuska yake nema. Sannan ruwan galan ɗin nan guba ne, ga launi kamar lemo, ga zaƙi. Kada a juye shi a gorar lemo, kada a bar shi inda yara ko dabbobi za su kai.

Masu shirin dogon zango zuwa Bartuwa ko Ngaundere, a duba kafin a ɗaura kaya. In allura ta hau, a faka a kashe nan take. Uwargida kuwa har yau in ta ga na ɗauki jarka sai ta yi gyaran murya.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa.