Skimar Gida Tana Aiki, Amma Ba Gorar Lemo Ce Sirrin Ba

Duk wanda ya nemi bayani a YouTube kan kiwon kifin teku a akwatin gilashi, ya ci karo da bidiyon haɗa furotin skima da gorar lemo, tiyo da ɗan famfon iska, cikin minti biyar an gama. Wasu na cewa yaudara ce, wasu na cewa kamfanoni ne kawai ke cin kuɗin mutane. Ra'ayina shi ne: in akwatinka ƙarami ne, lita 100 zuwa ƙasa, haɗa abinka da hannunka, zai yi aiki. Amma abin da bidiyon ke ɓata lokaci a kai, wato yanka gora da manna ta, shi ne mafi ƙanƙantar aikin.

Mene ne ma skimar? Na'ura ce da ke cire dauɗa daga ruwan gishiri ta hanyar kumfa. Kashin kifi, ragowar abinci da majinar jikin kifi suna narkewa a ruwa, ido ba ya ganinsu. In an bar su, ƙwayoyin bakteriya za su mayar da su amoniya, daga nan naitirait, daga nan naitiret, wanda ke ciyar da gansakuka. Da yawa daga cikin wannan dauɗar tana da gefe biyu: ɗaya yana son ruwa, ɗaya yana gudunsa, kamar dai sabulu. To da zarar ƙwayar iska ta ratsa ruwan, sai dauɗar ta manne a jikinta, ta hau sama ta zama kumfa, kumfar ta zuba a kofi, kai kuma ka zubar. Wanda ya taɓa tsayawa bakin teku a Legas ko Akara ya ga farar kumfa a gaɓa, to aikin ɗaya ne.

Tun nan a ji wannan: in tarwada ko karfasa kake kiwo, ko kifin ado na ruwan daɗi, kada ka ɓata kuɗinka. Gishirin teku, kimanin giram 35 a kowace lita, shi ne ke hana ƙwayoyin iska haɗewa su zama manya. A ruwan famfo nan take suke haɗewa su fashe, ba za ka ga kumfar kirki ba.

Girman ƙwayar iska shi ne komai, kuma lissafin ba wuya. Lita ɗaya ta iska, in ta rabu zuwa ƙwayoyi masu faɗin milimita 5, fatar da dauɗa za ta manne a kai murabba'in mita 1.2 ce. Wannan litar dai, in ƙwayoyin milimita 1 ne, fatar ta zama murabba'in mita 6. Ninki biyar ke nan, da famfo ɗaya, da wuta ɗaya. Shi ya sa shuɗin dutsen iska da ake sayarwa tare da famfo ba ya wadatarwa, ƙwayoyinsa sun yi girma. Abin da ake nema shi ne na katako, wanda ke fitar da iska kamar hayaƙi, har ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Matsalarsa ita ce yana toshewa, bayan wata ɗaya ko biyu sai an canza. Don haka kafin ka yanka gora, tabbatar kana da inda za ka riƙa samunsa. Wannan shi ne ainihin kuɗin skimar gida, kuma ba na jin masu bidiyo suna faɗa.

Abu na biyu, daɗewar iska a cikin ruwa. Gajeriyar gora ba ta ba ƙwayar iska lokacin kwasar komai. Gara dogon fayif ɗin PVC, gwargwadon zurfin akwatinka, dutsen iska a can ƙasa. In za ka ƙara ɗan famfon ruwa, sa ruwan ya shigo ta sama ya fita ta ƙasa, iska tana hawa ruwa yana sauka, suna gogayya. A saman fayif ɗin ne wuyan gora ke da amfani, domin siffar mazurari tana matse kumfa ta tura ta sama zuwa kofi.

Sai wurin da mafi yawan skimar gida ke faɗuwa: tsayin ruwa a cikin wuyan. Ya yi ƙasa, kumfa ba za ta kai kofi ba. Ya yi sama kaɗan, kofi ya cika da ruwa cikin awa ɗaya ya malale. Bambancin bai fi kaurin yatsa ba. Kuma ruwan akwati yana raguwa kullum saboda tururi, balle da zafi ko hunturu irin namu, saitin da ka yi da safe kafin dare ya gurɓace. Dole ka yi wa na'urar hanyar ɗagawa da saukewa, sannan ka riƙa cike ruwan da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri, domin gishiri ba ya bin tururi.

Ga kuma ɗaukewar wuta. In famfon iska yana ƙasa da akwati aka ɗauke wuta, ruwa zai iya biyo tiyo ya dawo cikin famfon, ya zubo kan soket. Ruwan gishiri da lantarki ba abin wasa ba ne. Sa bawul mai hanya ɗaya a jikin tiyon, ko ka ɗora famfon sama da bakin ruwa. Kada kuma jan ƙarfe ko tagulla su taɓa ruwan, suna kashe jatan lande da murjani. Gam ɗin silikon na banɗaki mai maganin fumfuna shi ma guba ne, nemi wanda aka rubuta na akwatin kifi ne.

Masu cewa a saya kawai suna da gaskiya a wuri ɗaya. Skimar kamfani tana amfani da famfo mai farfela mai tsinkaye da ke daddatsa iska, ko maƙogwaron Venturi da ke zuƙo iska da ƙarfin ruwa. Da wuya ka kamo wannan a gida. In akwatinka ya kai lita 300 kuma ka zuba kifi da murjani masu tsada, gaskiya saya ta fi. Amma kada a zuzuta ta fiye da kima. Ken Feldman, masanin sinadarai a Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka, ya gwada skimomi iri-iri, ya ga abin da suke cirewa na narkakkiyar dauɗa bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba, kuma tsada ba ta sauya wannan sosai ba. Ke nan ko ta gida ko ta kanti, canjin ruwa yana nan daram, ba ta ɗauke maka shi.

In ka haɗa, ka kunna, ka ga shiru, kada ka yi saurin kwancewa. Sabuwar roba tana da maiƙo, takan ɗauki sati ɗaya zuwa biyu kafin kumfa ta tsaya. Ko hannunka ka tsoma a ruwan, ko ka zuba abinci, kumfar za ta kwanta na ɗan lokaci. Abin dubawa shi ne launin abin da ke taruwa a kofi. In fari ne kamar ruwa, ɗaga na'urar kaɗan. In ya yi kalar shayi mai kauri kuma yana wari, to saitin ya zauna, sai ka riƙa wanke kofin da wuyan duk bayan kwana biyu ko uku, ba tare da sabulu ba.