Baƙin allo a Linux: an bar jaki ana dukan taiki

1/ Zare 🧵
Masu gyaran kwamfuta na Gusau, da ku 'yan "ai ni na iya Linux" na intanet, yau da ku nake. Duk laftof ɗin da ta yi baƙin allo bayan an saka mata direban Nvidia, amsa ɗaya ake ba mai ita: "Fomat kawai, mu mayar maka da Windows." Wanga magani ya fi cutar illa.

2/ Ku duba wa ake yi wa haka. Ɗalibi ne daga Rawayya ko Tsafe, yana Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Poly ta Kauran Namoda. Gida aka sayar da hatsi aka saya masa laftof ta hannu. Furojet ɗinsa na ciki. Ya biya kuɗin mota, ya bi hanyar da kowa ya san halinta, ya iso shago, aka share masa komai, kuma ya biya ladan sharewar.

3/ Alhali ko fayil ɗaya bai taɓu ba. Abin da ya faɗi direba ne, wato manhajar da ke tafinta tsakanin Linux da katin hoto. Ɗaki na nan, kaya na nan, ƙwan fitila ne ya mutu. Don Allah wa ke rushe ɗaki saboda ƙwan fitila?

4/ Me ya sa kullum Nvidia ce? Direbobin Intel da AMD a buɗe suke, suna cikin kanel, wato zuciyar Linux ɗin kanta. Na AMD mai suna amdgpu ya shiga tun 2015. Kana saka Ubuntu ko Mint, hoto ya zo, ba ka sauke komai ba. Shi ya sa mai tsohuwar Latitude da Intel zalla bai ma san ana wannan kukan ba.

5/ Ita Nvidia shekara da shekaru ta kulle nata. 'Yan sa-kai suka riƙa lalube suna gano yadda katin ke aiki, suka haɗa Nouveau. A 2012, a Jami'ar Aalto ta Finland, Linus Torvalds da ya ƙirƙiro Linux ya ce ba su taɓa hulɗa da kamfani mai wahalarwa kamarta ba, har ya yi mata daƙuwa irin ta Turawa gaban kyamara. Bidiyon na nan.

6/ A 2022 ta buɗe wani ɓangare na direbanta, amma na katunan zamanin Turing zuwa sama, irin su GTX 16 da RTX 20. To mu me ke kasuwarmu? ZBook 15, Precision M4800, ThinkPad W540 masu Quadro K, sai ƙanana masu 930MX da 940MX. Duk sun girmi wancan alherin.

7/ Ga tarko na farko. Kowane zamanin kati da iyakar direbansa:
Fermi ya tsaya a 390
Kepler, irin Quadro K1100M da K2100M, a 470
Maxwell da Pascal, irin 940MX da MX150, a 580
Ka ɗora wa Kepler sabon direba don "sabo ya fi", ba zai tashi ba. Takalmin wani ne ka cusa masa.

8/ Tarko na biyu, kuma laifin 'yan bidiyon YouTube ne: "je shafin Nvidia ka sauke fayil ɗin .run." Wannan ta bayan gida yake shiga, tsarin da ke lura da manhajojin Ubuntu bai san da zuwansa ba. Yau ya yi aiki, kana murna. Ran da kanel ya sabunta, sau da yawa allo ya ɗauke, ka ce Linux ce ba ta da tabbas.

9/ Na uku: Secure Boot. In a kunne yake, kanel ba ya karɓar direban da ba a sa wa hannu ba. Lokacin sakawa za a ce ka zaɓi kalmar sirri, in ka sake kunnawa wani shuɗin allo ya fito. Mutane kan tsorata su danna Continue boot. Enroll MOK ake zaɓa, a saka kalmar. Don ganin ko a kunne yake:
mokutil --sb-state

10/ Na huɗu namu ne na gida: wuta da data. Direban ɗaruruwan MB ne. Batir ya mutu tuntuni, ana tsakiyar sakawa aka ɗauke wuta, aiki ya tsaya rabi da rabi. Maganinsa layi biyu:
sudo dpkg --configure -a
sudo apt -f install
Layi biyu fa. A kan wannan ake share wa mutum aikin shekara.

11/ To allo ya yi baƙi, me za ka yi? Kar ka ruɗe. Danna Ctrl+Alt+F3. Sau tari wurin rubutu zai fito yana neman sunanka da kalmar sirri. In ya fito, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, hoton ne kawai ya yi yaji.

12/ In bai fito ba, sake kunnawa kana danna Shift ko Esc har GRUB ya bayyana. Shiga Advanced options ka gwada tsohon kanel. Ko ka danna e, ka nemi inda aka rubuta quiet splash, ka ƙara nomodeset, ka danna F10. Hoton zai zo da muni, manyan haruffa, amma ka shiga gidanka.

13/ Sai ka fitar da direban da ya kawo fitina:
sudo apt purge '^nvidia-.*'
sudo apt autoremove
In .run ka yi amfani da shi:
sudo nvidia-uninstall
Sake kunnawa.

14/ Yanzu tambayi kwamfutar abin da ke cikinta, kar ka dogara da sitikar da ke jikinta:
lspci | grep -iE "vga|3d"
ubuntu-drivers devices
Wanda aka rubuta wa recommended shi ne naka.
sudo ubuntu-drivers install
A Mint ma ba sai ka rubuta komai ba, Driver Manager na nan. In an gama, nvidia-smi zai nuna maka katin ya tashi.

15/ Tambayar da ba mai yi: kana ma buƙatar Nvidia ɗin? Yawancin waɗannan laftof katin hoto biyu gare su, Intel da Nvidia. In aikinka rubutu ne, bincike, kallon lakca, Intel ya wadatar.
sudo prime-select intel
Batir ya ƙara jimawa, zafi ya ragu. A garin da ake biyan kuɗin caji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

16/ A ce duk an yi bai yi ba, dole sai an sake sakawa. Har a nan ma ba hujjar share fayil. A tashi kwamfutar da fulas mai Ubuntu ko Mint, a buɗe hadis, a kwashe kaya, sannan a yi fomat. Mai gyaran da bai yi maka wannan ba, ko bai iya ba ko bai damu ba. Duka biyun ba abin biya ba ne.

17/ Ita Windows ɗin da ake mayar maka fa? Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 tana neman TPM 2.0 da Intel zamani na 8 zuwa sama. ZBook da W540 ɗin can zamani na 4 ne. Abin da ya rage sai Windows ta sata, an kashe mata sabuntawa, kuma a kanta za ka buɗe imel da banki. Wai wannan ne "an gyara".

18/ Na san abin da za a ce: "Malam, CorelDRAW fa? Photoshop fa?" Gaskiya ne. In da su kake cin abinci, kana buga katin biki da fosta, zauna a Windows, ba wanda ya isa ya zarge ka. Ni rigimata da wanda ya ɗauki kasawarsa ya kira ta laifin Linux, ya sa ɗan mutane ya yi asara.

19/ Ku ma 'yan Linux ba ku tsira ba. Yaro bai taɓa ganin tamina ba kun ɗora masa Kali don a ce masa haka. Su kansu masu Kali sun rubuta cewa ba ta sabon shiga ba ce. Ya maƙale ya tambaya, ku ce "je ka yi bincike" da dariya. Ku kuke kora mutane zuwa layin fomat. Ku ba shi Mint, ku zauna da shi.

20/ Mu 'yan Zamfara mun ga Satumbar 2021, da aka katse layukan waya aka yi makonni ba intanet. Wanda iliminsa duka na YouTube ranar ya gane. Ba a fafe gora ranar tafiya: ajiye fulas mai Linux, kunna Timeshift kafin ka taɓa direba, kwafi furojet wuri biyu, rubuta waɗannan layukan a takarda.

21/ Mai shirin saye: in ba Blender, wasanni ko aikin AI za ka yi ba, kar "tana da Nvidia 2GB" ya ruɗe ka ka ƙara kuɗi. Katin da ya haura shekara goma, kamfaninsa ya sallame shi, kai ne za ka gaji ciwon kansa. Nemi Intel ko AMD, ka sa ragowar a SSD da RAM.

22/ Masu gyara, ba raina sana'arku nake ba, da ku muke taƙama. Amma abin da ke 11 zuwa 16 yini ɗaya ya isa ku iya shi, kuma kuɗin ceto fayil ya fi na fomat. Kai kuma mai laftof, kafin ka miƙa ta ka ce: "Oga, za ka kwashe min fayil tukuna?" In ya fara kame-kame, ɗauki abarka.

23/ Wanda allonsa ke baƙi yanzu haka, ya turo min hoton abin da lspci ya nuna masa da sunan Linux ɗin da yake kai, mu duba tare. A tura wa 'yan ajin ƙarshe kafin lokacin difens ya matso.