Tsarin Aikin Zango-Zango: Gyara Daga Ofishin Maigida Zai Fara

Duk wanda harkokinsa ke kai shi ofisoshin manyan bankuna da kamfanonin sadarwa na ƙasar nan zai lura da wata sabuwar al'ada da ta shigo a 'yan shekarun nan. Da safe ma'aikata kan taru a tsaye na kimanin minti 15 a gaban wani allo da aka lilliƙa wa 'yan takardu masu launi iri-iri, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da kuma abin da ya tare masa hanya. Wannan shi ne ɓangaren da ido ke gani na wani tsarin gudanar da aiki da Turawa ke kira ajayil, wanda a wannan sharhi za mu kira tsarin aikin zango-zango. Masu ba da shawara kan harkokin kasuwanci suna tallarsa ƙwarai da gaske, shugabannin kamfanoni kuwa suna kashe maƙudan kuɗi wajen tura ma'aikatansu kwasa-kwasai a kansa. Ra'ayinmu shi ne, kafin mai kamfani ya saki kuɗinsa, ya kamata ya sani cewa nauyin tsarin nan a kansa zai fara sauka kafin ya kai ga ma'aikatansa.

Bari mu fara da bayanin abin da tsarin ya ƙunsa. A tsohuwar hanyar da aka saba, akan zauna tun farko a rubuta dukkan abin da ake bukata, a ƙayyade kuɗi da ranar gamawa, a sa hannu, sa'an nan ma'aikata su duƙufa shekara ɗaya ko biyu, mai aiki ba ya ganin kome sai ranar miƙa kaya. A sabon tsari kuwa, akan yanka aikin zuwa gajerun zanguna na mako biyu zuwa huɗu, kamar yadda fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suke yanka doguwar tafiyarsu, su sauka a zango su duba dabbobi da kaya, su ji labarin hanya kafin su ci gaba. A ƙarshen kowane zango dole ne ma'aikata su fito da wani ɗan yanki na aikin wanda ya kammala, a gwada shi a gaban mai aiki, ya ce wannan ya yi, wancan a gyara, kana a tsara zango na gaba bisa abin da aka gano.

Tushen wannan tunani daga masana'antun Japan yake, musamman kamfanin motoci na Toyota, inda aka bai wa ƙaramin ma'aikaci ikon jan igiya ya nemi a tsayar da layin haɗa mota idan ya ga aibi. A 1986 wasu malaman Japan biyu, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, suka wallafa nazari kan yadda ƙananan rukunin ma'aikata masu cin gashin kansu ke saurin fito da sababbin kayayyaki. Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar da salon da ake kira Scrum a 1995, sa'an nan a watan Fabrairu na 2001 masana manhajar kwamfuta su 17 suka taru a Snowbird da ke jihar Utah ta Amurka, suka fitar da sanarwar da ta zama ginshiƙin tsarin. Daga fagen manhaja ne ya bazu zuwa bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati. Labarin wasu manyan ayyuka biyu na gwamnati, ɗaya a Amurka ɗaya a Birtaniya, ya isa ya nuna wa mai karatu inda gizo ke saƙar.

Hukumar binciken manyan laifuffuka ta Amurka, wato FBI, ta so ta mayar da fayilolinta daga takarda zuwa kwamfuta. Yunƙurinta na farko ya rushe a 2005 bayan ya lashe kusan dala miliyan 170. A 2006 ta sake ba da kwangilar wani sabon aiki mai suna Sentinel ga kamfanin Lockheed Martin bisa tsohuwar hanya, da ƙiyasin dala miliyan 425, da niyyar gamawa a ƙarshen 2009. Ya zuwa 2010 an kashe fiye da dala miliyan 400, amma biyu kawai daga cikin matakai huɗu na aikin aka miƙa. A nan ne shugabannin hukumar suka karɓe ragamar aikin daga hannun ɗan kwangila, suka rage yawan masu aikin ƙwarai, suka tara waɗanda suka rage a wuri guda cikin hedkwatar hukumar, suka ɗora su bisa zangon mako bibbiyu. Ko da haka sai da aka ƙara samun jinkiri, domin wani babban gwaji da aka yi a ƙarshen 2011 ya nuna cewa na'urorin ba za su ɗauki nauyin jama'a ba. Amma a watan Yuli na 2012 Sentinel ya fara aiki a duk faɗin hukumar.

A Birtaniya kuwa, gwamnati ta sanar a 2010 cewa za ta haɗe tallafi iri shida da take bai wa marasa aikin yi da masu ƙaramin ƙarfi su zama guda ɗaya mai suna Universal Credit, aka kuma tsayar da watan Oktoba na 2013 a matsayin lokacin fara shi a ƙasa baki ɗaya. Ma'aikatar ayyuka da fansho ta ce da tsarin zango-zango za ta gina manhajar, alhali ba ta taɓa gwada shi a kan aiki mai girma haka ba. A watan Satumba na 2013 ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya fitar da rahoto cewa an kashe fam miliyan 425, an kuma yi asarar aikin manhaja na fam miliyan 34 da ba zai amfanu ba. Rahoton ya ce babu cikakken tsarin yadda shirin zai gudana, kuma masu aikin sun killace kansu, sun ɗauki al'adar isar da labari mai daɗi kaɗai ga na sama. Sai da aka sake lale, aka kafa rukuni na cikin gida, aka fara gwaji a ƙaramin yanki a 2014, sa'an nan sabuwar manhajar ta kai ga dukkan ofisoshin neman aiki na ƙasar a watan Disamba na 2018.

Tsari guda ne aka ambata a wuraren biyu, amma sakamako ya sha bamban, kuma bambancin daga shugabanni ya taso. Na Amurka sun sauya yadda ake yanke shawara da yadda ake kula da kwangila. Na Birtaniya a karon farko sun ɗauki sunan tsarin, amma suka bar ranar gamawa da girman aikin da tsofaffin hanyoyin hulɗa da 'yan kwangila kamar yadda suke. Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Matsala ta farko da mai kamfani a ƙasar nan zai ci karo da ita ita ce ta iko. Tsarin yana bukatar rukuni na mutum goma ko ƙasa da haka su riƙa yanke shawarar yau da kullum da kansu. To, a yawancin kamfanoninmu, musamman waɗanda mutum ɗaya ya kafa da guminsa, ko takardar sayen man janareta sai ta jira sa hannun maigida. Idan maigida ya yi tafiyar mako biyu, zango guda ya tafi a banza ke nan. Bankin ING na ƙasar Holan, lokacin da ya rungumi tsarin a 2015, sai da ya rushe sassan hedkwatarsa, ya rarraba ma'aikata kimanin 3,500 zuwa ƙananan rukunai da ba su wuce mutum tara-tara ba, manajoji da dama kuma suka rasa kujerun da suka saba. Wanda bai shirya wa irin wannan ba, gara ya san haka tun da wuri, domin manajojin tsakiya, waɗanda darajarsu ta dogara ga yawan takardun da ke bi ta teburinsu, su ne za su fara yi wa tsarin zagon ƙasa.

Ta biyu ita ce faɗin gaskiya. Amfanin gwajin ƙarshen zango shi ne a gano kuskure tun yana ƙarami, kafin ya ci kuɗi. Amma mu mutane ne da aka tarbiyyantar bisa kunya da girmama na gaba, kuma yaro ba ya son ya zama shi ne ya kawo wa maigida mummunan labari. Idan ma'aikaci ya taɓa faɗin cewa aiki ya cije, aka ci masa fuska a gaban abokan aikinsa, daga ranar kowa zai riƙa cewa kome lafiya lau, taron safe ya zama gaisuwa kawai. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibiya. Abin da aka ɓoye a zango na uku zai fito ranar miƙa kaya, a lokacin da gyaransa ya ninka tsada.

Ta uku ita ce kasafin kuɗi da kwangila. Akanta da hukumar daraktoci sun saba da a faɗa masu jimillar kuɗi da ranar gamawa kafin su saki ko sisi. Tsarin zango-zango kuwa yana neman a tsayar da kuɗi da lokaci, a bar jerin abubuwan da za a yi yana sauyawa gwargwadon abin da gwaji ya nuna. A ɓangaren gwamnati lamarin ya fi tsauri, domin dokar sayen kayayyaki da ba da kwangila ta 2007 ta tanadi a fayyace abin da ake bukata kafin a nemi tayi, a kuma bai wa wanda ya cika sharuɗɗa da farashi mafi sauƙi. Dokar tana da dalilinta mai ƙarfi a ƙasar da ta sha fama da ƙarin kuɗin kwangila ba bisa ƙa'ida ba. Saboda haka ma'aikatar da ke son tsarin sai ta koyi rarraba babban aiki zuwa ƙananan kwangiloli, kowace da abin da za a gani a ƙarshenta.

Ta huɗu ita ce lokacin mai aiki. Tela ba ya iya gyara riga idan mai ita ya ƙi zuwa gwaji. Dole kamfani ya ware mutum guda mai cikakken iko, wanda ya san bukatun abokan ciniki, ya zauna tare da rukunin, ya riƙa cewa wannan za a fara yi, wancan ya jira. Irin wannan mutum galibi shi ne wanda aka fi bukata a wasu wurare, kuma sakinsa sadaukarwa ce ta gaske.

Masu sukar tsarin suna cewa ƙofa ce ta aiki ba tare da shiri ba, kuma ɗan kwangila mara amana zai fake da shi ya yi ta karɓar kuɗi babu ranar gamawa. Wannan tsoro yana da tushe, labarin Birtaniya ma shaida ne. Haka zalika ba kowane aiki ne ya dace da shi ba. Wanda zai gina gada ko ya kafa injin casar shinkafa ba zai zuba harsashi ya ce zai sake shawara bayan mako biyu ba. A nan tsohuwar hanya ta zane da lissafi tun farko ita ce daidai. Tsarin ya fi amfani inda gyara ke da arha, kuma ba a san ainihin abin da abokin ciniki ke so ba sai ya gani, kamar manhajar biyan kuɗi ta wayar hannu, ko sabon nau'in kaya da ake son gwadawa a kasuwa. A irin waɗannan wurare ma, shi ne ke kare mai kuɗi daga ɗan kwangila, domin duk mako biyu yana ganin abin da kuɗinsa ya haifar, yana kuma da damar tsayar da biya idan bai ga kome ba.

Shawararmu ga 'yan kasuwa da shugabannin ma'aikatu ita ce su fara da aiki ɗaya ƙarami, wanda ko ya lalace ba zai durƙusar da kamfani ba. Su zaɓi rukuni guda, su rubuta masa iyakar kuɗin da zai iya kashewa ba tare da neman izini ba, su naɗa wakilin da zai yanke hukunci a madadinsu. Maigida da kansa ya riƙa halartar gwajin ƙarshen zango, ya nemi a nuna masa abin da ke aiki a zahiri maimakon rahoto a takarda, kuma ranar da aka fara kawo masa mummunan labari ya gode wa wanda ya kawo shi a gaban kowa. Bayan wata shida ya auna, ya ga ko kaya na isa hannun abokan ciniki da wuri fiye da da, kana ya yanke shawarar faɗaɗawa ko dakatawa. Wanda kuwa ya duba zuciyarsa ya ga ba zai iya sakin ko kaɗan daga ikonsa ba, ya riƙe kuɗin kwas ɗinsa, ya ci gaba da tsohuwar hanya, ya kyautata ta iyakar iyawarsa.