Ranar Komawa Ga Tuwo: Gargaɗi Ga Mai Allurar Insulin Da Ke Neman Rage Ƙiba

Mai karatu, wani tsarin rage ƙiba ya bazu a wayoyinmu: mutum ya ƙaurace wa tuwo, shinkafa, burodi da fura na kwana biyar ko shida, ya rayu da nama, ƙwai, kifi da ganye, sannan ya ware rana guda ya ci sitaci son ransa. Masu tallata shi suna cewa wannan ranar tana farfaɗo da jiki. Ra'ayina a matsayin mai harhaɗa magunguna a asibiti shi ne: idan kana allurar insulin ko kana shan maganin ciwon sukari, wannan tsari ba naka ba ne, sai dai idan likitanka ya zauna da kai ya tsara shi.

Ka fara sanin asalinsa. A shekarar 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya gabatar da abinci mai ƙarancin sitaci domin magance farfaɗiya. Daga baya masu ɗaga ƙarfe suka ƙara masa ranar cin sitaci don su cika tsokarsu da kuzari kafin atisaye mai tsanani. Jikinsu yana samar da insulin daidai da abin da suka ci. Kai kuwa naka insulin daga kwalba yake fitowa, kuma da zarar ya shiga jiki ba ya tambayar ko ka ci tuwo.

Haɗarin farko yana cikin kwanakin ƙaurace wa sitaci. Na ga wata baiwar Allah da 'ya'yanta suka kawo a sume da hantsi. Ta daina cin tuwo da kunu kwana uku, amma ba ta rage ko ɗigo daga allurarta ba. Insulin mai gauraye, irin Mixtard 30 da muke bayarwa da yawa, yana ɗauke da kashi 30 mai saurin aiki da kashi 70 mai jan lokaci, kuma ba a iya rage ɗaya a bar ɗaya. An yi shi ne don mai cin abinci a kan lokaci. Haka ƙwayar glibenclamide take: tana sa jiki fitar da insulin ko da ciki babu komai.

Haɗari na biyu yana ranar komawa ga sitaci. Jikin da ya kwana biyu bai ga sitaci ba yakan yi nawa wajen sarrafa shi. Shi ya sa ake umartar wanda za a yi wa gwajin shan ruwan sukari ya ci aƙalla giram 150 na sitaci kullum har kwana uku kafin gwajin. Idan ka haɗa masa, shinkafa da lemon kwalba a yini guda, sukarinka zai hau sosai. Sai tsoro ya sa ka ƙara allura da ka, alluran su taru a jiki, sukarin ya faɗo cikin dare kana barci.

Za ka iya ce mini: ai sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi a makon farko. Gaskiya ne, amma yawancinsu ruwa ne. Hanta da tsoka suna ajiye sukari kimanin rabin kilo, kuma kowane giram yana riƙe da kusan giram uku na ruwa. Idan ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi fitsari. Ranar da ka ci tuwo ya dawo. Kitse yana narkewa ne idan abin da ka ci a mako bai kai abin da jikinka ya ƙona ba, kuma walimar yini guda tana iya shafe wahalar kwana shida.

Ban hana ka rage sitaci ba. Ga mai ciwon sukari nau'i na biyu, rage shi yana saukar da sukari, har wasu a rage musu magani. Abin da nake ƙi shi ne hawa da sauka. Ka rage malmalar tuwo daga uku zuwa biyu ko ɗaya, ka ƙara miyar ganye, wake da zogale, ka tsaya a kan wannan ma'auni kullum. Kafin ka fara, ka kawo magungunanka duka a duba, domin a gyara adadin tun ranar farko. Idan kana shan empagliflozin ko dapagliflozin, kada ka yanke sitaci gaba ɗaya: jini yana iya yin tsami mai kisa alhali na'urar gwaji tana nuna sukari daidai. Mai nau'i na ɗaya kuma kada ya taɓa dakatar da insulin, ko da bai ci komai ba.

Ku kuma iyali, ku san alamomin faɗuwar sukari: karkarwa, gumi, bugun zuciya, jiri da magana a ruɗe. Idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 (wato 3.9 a ɗaya ma'aunin), ku dama cokalin shayi huɗu na sukari a ruwa ku ba shi, ku sake gwadawa bayan minti 15. Idan ya suma, kada ku ɗura masa komai a baki. Ku kwantar da shi ta gefe, ku garzaya da shi asibiti.

Rage ƙiba abin nema ne, amma kada garin neman gira a rasa ido. Idan biki ko Sallah na tafe, ka tambayi likitanka tun da wuri nawa za ka ci da yadda za ka yi da allurarka, ka kuma gwada sukarinka kafin ka kwanta. Allah ya ƙara mana lafiya.