Tankunan mai a ƙarƙashin ƙasa: Wa ke duba lafiyar rijiyoyin Funtua da Malumfashi?

Funtua mahaɗa ce. Hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato ta ratsa ta, wata kuma ta bi ta Bakori ta nufi Malumfashi, ga tashar sauke kaya ta kan tudu da aka ƙaddamar a 2024. Shi ya sa gidajen mai suka jeru a bakin titunan yankin, kowanne da tankunansa binne a ƙasa. A kusa da su kuma akwai rijiyoyi da burtsatsai da gidaje da 'yan ga-ruwa ke ɗiba, domin ruwan madatsar Mairuwa ba ya kai wa kowace unguwa.

Haɗarin yana cikin yanayin ƙasar. Kudancin Katsina na kan dutse ne, ruwan da ake samu yana taruwa a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagoginsa, ba da nisa sosai ba. Idan tanki ya yi tsatsa ko bututunsa ya tsage, man zai tsiyaya ya kwanta a saman wannan ruwa, tunda ya fi shi rashin nauyi. Wani sashensa yana narkewa ya bi ruwan zuwa rijiyar maƙwabta. Mafi muni a cikinsa shi ne sinadarin benzin, wanda ke haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce maikirogiram 10 a lita ɗaya, kuma ruwa na iya zarce wannan mizani tun hanci bai fara jin warin fetur ba.

Najeriya ta riga ta ga ƙarshen irin wannan sakaci. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya gano cewa a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan da benzin ɗinsa ya ninka mizanin sau 900, ga tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙasa. A unguwar Baruwa da ke Legas, yoyon bututun mai ya lalata rijiyoyi tun shekarun 1990, mazauna suka koma sayen ruwa.

Hanyar gano matsalar da wuri sananniya ce. Ana haƙa ƙananan rijiyoyin gwaji kewaye da tankuna: ɗaya ta inda ruwan ƙasa ke fitowa, biyu ko uku ta inda yake gangarawa. Sai a riƙa ɗibar samfur ana kai wa ɗakin gwaji da rani da damina, domin tashin ruwa da saukarsa na sauya sakamako. Haka nan ana kwatanta man da aka sauke da wanda aka sayar kullum. Amurka ta wajabta sa ido kan yoyon irin waɗannan tankuna tun 1988.

A nan gida ma akwai masu alhaki. Dokar man fetur ta 2021 ta ɗora lasisin gidajen mai a wuyan hukumar NMDPRA, yayin da NOSDRA, wadda aka kafa a 2006, ke kula da malalar mai. Abin da ya rage shi ne a sanya sakamakon gwajin ruwa cikin sharuɗɗan sabunta lasisi, hukumomin muhalli da na ruwa na Jihar Katsina su riƙa karɓar kwafi, mai unguwa ma ya san abin da ke ciki.

Masu gidajen mai za su ce kuɗin gwaji ƙarin nauyi ne. Sai dai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, kowace lita da ta zube a ƙasa asara ce babba ga ɗan kasuwa. Tsarkake ruwan da ya gurɓace kuwa yana cin shekaru da dukiya mai yawa, kafin nan kuma magidanci ne ke biyan kuɗin kurar ruwa.