Kyamarorin Tsaro a Birane: A Kafa, Amma da Sharaɗi

Duk wanda ya shiga babban birni a zamanin nan zai ga waɗansu 'yan na'urori maƙale a jikin turakun lantarki da ƙofofin bankuna. Su ne kyamarorin tsaro, masu ɗaukar hoton duk mai wucewa dare da rana. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an kafa su, ɓarawo ya shiga uku. Ni kuwa ina ganin maganar ba ta kai nan ba.

Amfaninsu dai ba ya musuntuwa. A shekarar 1993, a garin Bootle kusa da Libaful ta ƙasar Ingila, waɗansu yara biyu 'yan shekara 10 suka ja wani yaro ɗan shekara 2 daga cikin kasuwa suka kashe shi. Hoton kyamarar kasuwar ne ya taimaka aka gane su. Haka kuma a Landan ran 7 ga Yuli, 2005, sa'ad da aka ta da bamabamai a jiragen ƙarƙashin ƙasa da wata bas, aka hallaka mutum 52, kyamarorin tashoshi sun nuna mutum huɗun da suka yi aikin. To, amma ku lura, a duka biyun sai da aka yi ɓarnar tukuna. Kyamara shaida ce, ba ta da hannun riƙe kowa.

Mu dawo gida. A shekarar 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470, don kafa hanyar sadarwar 'yan sanda tare da kyamarori a Abuja da Ikko. Yawancin kuɗin nan kuwa rance ne, watau mu da ke zaune a aji yau muna cikin masu biya. Da bam ya tashi a tashar motar Nyanya cikin Afrilu 2014, ya kashe fiye da mutum 70, sai jama'a suka shiga tambaya, ina kyamarorin? Ashe da yawansu sun daɗe da mutuwa, waɗansu ma an sace batiransu. Har Majalisar Wakilai ta binciki al'amarin. Abin dariya, abin kuka: an kafa abin tsaro, shi kansa ya rasa mai tsaronsa! Kyamara tana bukatar wuta, da mai gyara, da mai zama yana kallo, da ɗan sandan da zai iso da sauri in an kira shi. In babu waɗannan, gara a sa fitilun titi, ko banza mai tafiya zai ga gabansa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke bayan kyamarar. A yankin Shinjan na ƙasar Sin, hukuma ta yi amfani da kyamarori masu gane fuska wajen bin diddigin Musulmi 'yan ƙabilar Uigur. Tsoron irin wannan ne ya sa birnin San Faransisko na Amurka ya hana 'yan sandansa aiki da na'urar gane fuska a 2019. Mu kuma al'adarmu ta girmama sirrin gida. Baƙo iyakarsa zaure, ba ya wucewa sai da izini. Yaya za a ɗora kyamara a kan turke mai tsawo, tana leƙen tsakar gidan mutum ta saman katanga?

Saboda haka ina goyon bayan a kafa su a tasha, da kasuwa, da mararraba, har da ƙofar makaranta. Amma a liƙa allo mai sanar da jama'a cewa ana ɗaukar hoto, a yanke kwanakin da za a ajiye hoton kafin a goge, a kuma hukunta ma'aikacin da ya fitar da shi ya watsa a waya. Nijeriya ta sami dokar kare bayanan jama'a a 2023. Kafin a ci wani sabon bashi, a fara da gaya mana yadda aka yi da na 2010.