Wasan Sangoku da aka jira shekara 17: yadda guɗa ta koma gunaguni

A ranar 14 ga watan Nuwamba 2025, wasan bidiyo na Dragon Ball: Sparking! Zero ya sauka a kan na'urorin Nintendo Switch da Switch 2, shekara guda da wata ɗaya bayan fitowarsa ta farko. Wannan karon babu irin hayaniyar da aka yi a 2024. Tunda ƙura ta lafa, yanzu ne ya fi dacewa a zauna a duba abin da ya shiga tsakanin kamfanin Bandai Namco na ƙasar Japan da miliyoyin mutanen da suka ba shi kuɗinsu. Sun tarbi wasan da guɗa, amma cikin ƴan makonni da yawansu suka koma gunaguni.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Maraɗi ko Damagaram da wasan yaran Japan. Da ruwansa kuwa. Da yawa cikin waɗanda suka tashi a birni a shekarun 1990 sun san Sangoku tun kafin su san inda Japan take a taswira. Akira Toriyama ya fara zana labarin a 1984: yaro mai wutsiyar biri, da ƙwallayen ƙarau guda bakwai waɗanda in an haɗa su wani ƙaton dodo yake fitowa ya biya wa mutum buƙata. A 1986 aka mayar da shi majigin zane, a 1988 tashar TF1 ta Faransa ta fara nuna shi cikin shirin Club Dorothée. Daga can ya gangaro mana da muryoyin Faransanci, ta kaset-kaset na bidiyo da tashoshin tauraron ɗan adam. Shi ya sa a nan Sangoku muke cewa, masu kallo da Ingilishi kuma su ce Goku. Yaran wancan lokaci su ne iyayen yau, kuma su ne ake ja wa riga a ce a sayo.

Kasuwar kewa

Wasan da ya gabaci wannan, Budokai Tenkaichi 3, ya fito ne a 2007 a kan PlayStation 2 da Wii. Daga nan aka yi shiru shekara 17. Toriyama ya rasu ranar 1 ga Maris 2024 yana da shekara 68, sai ga sabon wasan ranar 11 ga Oktoba na wannan shekara, rana ɗaya da fara nuna Dragon Ball Daima, majigi na ƙarshe da marigayin ya sa hannu a cikinsa. Ko ɗan kasuwar da bai taɓa riƙe manet ba ya san wannan lokacin ciniki ne.

An kuwa yi cinikin. Bandai Namco ya sanar da sayar da kwafi miliyan 3 cikin awa 24, kuma zuwa Fabrairu 2025 adadin ya wuce miliyan 5. A dandalin Steam na masu wasa da kwamfuta, sama da mutum 120,000 suka kasance cikin wasan a lokaci guda, abin da Street Fighter 6 da Tekken 8, manyan wasannin faɗa na wannan zamani, ba su kai ba. Sai dai a kula da abin da waɗannan alƙaluma suke aunawa. Wanda ya biya a rana ta farko bai riga ya ɗanɗana ba. Kewa ya saya, da tunanin yammacin da yake dawowa daga makaranta ya tarar da abokai gaban tele.

A makon farko kamfanin Spike Chunsoft da ya ƙera wasan ya sha yabo, kuma ya cancanta. Jarumai 182 aka zuba, har da waɗanda sau ɗaya suka leƙo a majigi. Duwatsu suna farfashewa, gine-gine suna rushewa, sama tana yin duhu in jarumi ya tara ƙarfi. Akwai wuraren da labari yake rabuwa biyu, mai wasa ya ga abin da zai faru da Sangoku bai mutu a faɗansa da Raditz ba. Akwai kuma sashen da kowa zai tsara nasa faɗan da nasa kalamai ya raba wa duniya. Hatta ƙorafin farko na dariya ne: Végéta da ya rikiɗe ya zama ƙaton biri ya riƙa lallasa mutane tun a farkon labari, har kamfanin ya shiga yi musu ba'a a shafukan sada zumunta. Wanda ya sha kashi ya rage wahalar wasan ya wuce.

Ɗaki ɗaya fari fat

Ƙorafi na gaske ya fito daga inda ya fi shafar irinmu. Abin da ya sa tsohon wasan ya zauna a zukatan mutane shi ne tele ɗaya, manet biyu, allo a raba gida biyu, wanda aka kayar ya miƙa wa na baya. A sabon wasan, lokacin da ya fito, mutum biyu da ke zaune gefe da gefe fili ɗaya tak aka ba su: ɗakin nan na horo da masu kallo da Faransanci suka sani da Salle de l'Esprit et du Temps, wuri fari fat, ba dutse ko ɗaya. Duk rushe-rushen da aka yi talla da su, sai mai wasa shi kaɗai ko mai wasa ta intanet ke ganin su.

Masu ƙera wasan sun kafa hujja da nauyin aiki, kuma hujjar tana da tushe: in an raba allo, na'ura tana zana duniyar sau biyu a lokaci guda, ga ƙura ga tarkace. Amma a ganina hujjar ta fallasa wanda aka ɗinka wa rigar. An ɗinka ta ne wa matashin Tokyo ko Paris da ke zaune shi kaɗai a ɗakinsa da layin intanet mai ƙarfi, abokin karawarsa yana wata ƙasa. An sayar masa da tunanin ƙuruciya, aka manta cewa ƙuruciyar cikin taro aka yi ta. Matsin lamba ya yi aiki, domin a watan Disamba 2024 an fitar da gyaran da ya buɗe sauran filayen ga masu wasa gefe da gefe. Wata biyu kawai aka ɗauka, abin da ya sa mutum tambayar me ya hana tun farko.

Jarumin da ya fi kowa

Su ma masu intanet ɗin ba su daɗe cikin daɗi ba. Jun Furutani, wanda ya jagoranci aikin, bai ɓoye ba tun kafin fitowa cewa ba a nufi daidaita ƙarfin jarumai ba. Wanda ya fi ƙarfi a majigi shi ya fi ƙarfi a wasa. Wannan daidai ne ga abokai a fada ana shan shayi: in ƙwararre ya ɗauki Mister Satan, mai cika baki marar ƙarfi, ya kayar da wanda ya ɗauki Beerus, dariya ce ta mako guda. Matsalar ita ce an haɗa wannan tsari da gasar matsayi ta intanet, inda kowa yake neman hawa sama kuma ba wanda ya san wani balle ya ji kunyarsa.

An yi ƙoƙarin toshe ɓarakar da tsarin maki: kowane jarumi yana da farashi daga 1 zuwa 10, ƙungiya kuma ba ta wuce maki 15. Nan da nan masu wayo suka gano Yajirobé, wani mai ƙiba mai araha da ke cin waken sihiri ya dawo da lafiyarsa ana tsakar faɗa. Ya cika ko'ina har sai da aka rage masa ƙarfi. Abin kunya mafi girma ya faru ne a wasan ƙarshe na zagayen Faransa a gasar da kamfanin da kansa ya shirya a ƙarshen 2024, inda aka ga masu karawa suna tashi sama suna sauka, suna guje wa juna har lokaci ya ƙare. Dubban mutane suna kallo kai tsaye, wasan faɗa ba faɗa. Ga kuma masu katse layi da zarar sun ga za a kayar da su, ga rashin damar haɗa mai PlayStation da mai Xbox ko kwamfuta a fili ɗaya. Kafin shekara ta ƙare, mafi yawan taron da ya cika Steam ya watse.

Ba lallai ne wasan da aka ɗauko daga majigin zane ya ƙare haka ba. Dragon Ball FighterZ, wanda Arc System Works ya ƙera a 2018 da jarumai kaɗan amma a daidaice, ya zama wasan gasa na gaske. A babbar gasar EVO ta Las Vegas a 2022, wani matashi Bafaranshe ne ya ɗauki kofinsa, kuma sunan da yake wasa da shi Wawa, wanda duk Bahaushen da ya ji sai ya murmusa. Akwai kuma ɗaya gefen: Jujutsu Kaisen Cursed Clash, da Bandai Namco ɗin ya fitar a Fabrairu 2024, an ba da labarinsa da hotuna marasa motsi, masu sharhi da masu wasa suka yi masa ca. Sparking! Zero ya fi wannan nesa ba kusa ba. Laifinsa shi ne ya yi wa mutum biyu alkawari, mai son nishaɗi da mai son gasa, da farko ya tauye na ɗaya, na biyun kuma bai taɓa shirya masa ba.

Lissafin gida

Yanzu mu dawo aljihunmu. An sa wa wasan dalar Amurka 70, a Turai kuma wajen yuro 70 ko sama da haka. Da yake yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kuɗin ya kai kusan jikka 46. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairu 2024 jikka 42 ne. Wasa ɗaya ya fi albashin wata, ba a zo maganar na'ura ba. Kuma bai fito a PlayStation 4 ba, wadda ita ce mai ɗan hali yake iya samu ta hannu. Sai PlayStation 5, ko Xbox Series, ko kwamfuta mai ƙarfi, yanzu kuma Switch. Bayan haka akwai ƙarin jarumai sama da 20 da ake sayarwa daban. Mai saye a Steam yana da damar a mayar masa da kuɗinsa in bai wuce awa 2 yana wasa ba cikin kwana 14, amma wanda ya sayi faifai a kasuwa, in ya buɗe leda ciniki ya faɗa.

Shi ya sa a garuruwanmu ɗakin wasa na unguwa ne hanyar da yawancin yara za su taɓa shi, inda ake biyan ƴan daloli a yi zagaye, kuma inda wasan ƙwallo ya daɗe da zama sarki. A irin wannan wuri rigimar gasar intanet ba ta da ma'ana sosai. Abin ma da za a lura da shi, hukuncin da kamfanin ya tsaurara a kan masu katse layi ba ya bambanta wanda ya gudu da gangan da wanda aka ɗauke wa wuta a watan Afrilu. Na'ura ba ta san zafin Tawa ba. Abin da zai yi wa mai ɗakin wasa amfani shi ne abin da masu ƙorafin farko suka yi faɗa a kansa: mutum biyu, tele ɗaya, filaye da yawa. Rashin daidaiton jarumai kuwa, a ɗakin da kowa ya san kowa, yara da kansu suke kafa doka su haramta wanda ya fi ƙarfi, kamar yadda muka yi a zamanin PlayStation 2.

Akwai tarko guda da ya kamata mai niyyar saye ya sani. Faifan da aka buga a Oktoba 2024 yana ɗauke da wasan yadda ya fito a ranar farko. Gyaran Disamba ba ya cikinsa, sai an haɗa na'urar da intanet an sauke shi. Wanda ya sayo irin wannan faifai a Yamai ya kai unguwar da babu layi mai ƙarfi, yaransa biyu za su ci gaba da dambe a cikin farin ɗakin nan guda ɗaya.